Thunderbird a kwamfuta: manhaja ce ta kirki, amma a gyara mata saiti kafin ta cinye data

Tun da Microsoft ya daina kula da tsohuwar manhajar Mail ta Windows a ƙarshen shekarar 2024, masu ofisoshi da shagunan buga takardu da yawa suka shiga neman wadda za ta riƙe musu imel a kwamfuta ba tare da biyan kuɗin Office ba. Thunderbird ce ta fi kusa da hannu. Kyauta ce, ta fito daga gidan Mozilla masu Firefox, fitowarta ta farko cikakkiya a watan Disamba na 2004 ce, kuma tun 2020 wani reshe na gidauniyar Mozilla mai suna MZLA ke tafiyar da ita. Tana aiki a Windows da macOS da Linux. A 2023, da fitowa ta 115, aka sake mata fuska, don haka hotunan da ke cikin tsofaffin bayanai ba lallai su yi daidai da abin da ke gabanka ba.

Hukuncinmu a kanta shi ne: wajen aiki ba ta da kasala, amma saitin da take zuwa da shi an yi shi ne don mai intanet marar iyaka da wutar da ba a ɗaukewa. Wanda ke jona kwamfuta da datar wayarsa, in ya bar ta yadda ta zo, zai ji a jikinsa.

Buɗe asusu shi ne mafi sauƙi. Ka rubuta suna da adireshin imel da kalmar sirri, ita kuma ta nemo sauran. A Gmail da Yahoo da Outlook.com kusan kullum tana dacewa. Inda take tuntuɓe shi ne imel na kamfani ko makaranta mai sunan kansa, a nan sai an shiga saitin hannu. Lambobin ba su da yawa. IMAP da POP hanyoyi biyu ne na karɓar saƙo, SSL/TLS da STARTTLS kuma nau'o'in tsaron haɗi ne. Saƙo mai shigowa ta IMAP yana bin ƙofa (Port) 993 da SSL/TLS, ta POP kuma 995. Mai fita ta SMTP, hanyar aika saƙo, yana bin 465 da SSL/TLS, ko 587 da STARTTLS. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ƙofa da tsaron da ba nata ba, misali 465 da STARTTLS. Manhajar sai ta yi ta jira har ta ce lokaci ya ƙure, ba tare da ta faɗi dalili ba. Ƙofa 25 kuwa a manta da ita, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza. Sannan a gurbin sunan mai asusu, yawancin sabobin kamfani (saba ita ce kwamfutar da ke riƙe imel a intanet) cikakken adireshi suke so, har da abin da ke bayan alamar @, ba rabin farko kaɗai ba.

Maganar kalmar sirri ta sauya a 'yan shekarun nan, kuma nan ne mutane ke zargin manhajar a kan laifin da ba nata ba. Google ya daina karɓar kalmar sirri tsurarta daga irin waɗannan manhajoji tun watan Mayu na 2022, Microsoft ma ya bi sahu a asusun Outlook.com da Hotmail a Satumbar 2024. Don haka a gurbin Authentication method dole a zaɓi OAuth2, kuma a wurare biyu: a Server Settings na mai shigowa, da kuma Outgoing Server na mai fita, wanda ke can ƙasan jerin asusu. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya shi ne mai cewa "saƙo na shigowa amma ba ya fita". Da OAuth2, wata 'yar taga za ta buɗe da shafin Google ko Microsoft, a nan ake shiga. In tagar ta fito fara fat ko ta yi ta dawo da kai farko, duba Privacy & Security ka tabbatar an bar Accept cookies from sites a kunne.

Yanzu IMAP ko POP? In ana duba imel ɗin a waya ma, IMAP, babu ja. Shi madubi ne na abin da ke kan saba: ka karanta a nan, ya nuna an karanta a can, ka goge a nan, ya goge ko'ina. Wannan na biyun yana cin mutane, domin wasu na zaton abin da ke kwamfutarsu ajiya ce ta daban. POP kuma saukewa yake yi ya ajiye a kwamfuta. Yana da amfani ga asusun kamfani da aka ba ɗan ƙaramin wuri, sai dai akwai tarko a ciki: Thunderbird na zuwa da umarnin a bar saƙo a kan saba na kwana 14 kawai. Bayan sati biyu saƙon ya ɓace daga waya da burauza, ya rage a wannan kwamfutar ita kaɗai. In ba haka kake so ba, cire alamar da ke kan For at most, ka bar Leave messages on server.

Ga inda datar ke tafiya. Da zarar an gama buɗe asusun IMAP, manhajar za ta fara kwafo duk saƙonnin da ke cikinsa, da hotuna da fayilolin da aka maƙala, tun daga ranar farko. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma akwai masu asusun shekara goma da suka kusa cika shi. Abin bai tsaya nan ba. Gmail ba shi da folda ta gaskiya, lakabi yake liƙa wa saƙo, amma IMAP na ganin kowane lakabi a matsayin folda. Saƙo ɗaya da ke Inbox yana kuma cikin All Mail, wataƙila da Important, sai a sauke shi sau biyu ko uku. Maganin yana Account Settings, sashen Synchronization & Storage. A can ka zaɓi a daidaita saƙonnin kwana 30 na baya-bayan nan kawai, ka kunna Don't download messages larger than, ka sa masa iyaka. Yana zuwa da kilobait 50, wanda ya yi kaɗan ga saƙo mai ado, 300 zuwa 500 ya fi. Babban saƙo zai fito a jeri, amma ba za a sauke cikinsa ba sai ka buɗe shi. Sai ka danna sunan asusun da maɓallin dama, ka shiga Subscribe, ka cire All Mail da Important. Hikimar ita ce a yi wannan a mintin farko. In an ga ta riga ta fara sauke kaya, a katse intanet, a gyara, sannan a mayar. Da masu manhajar sun sa wannan tambayar a shafin buɗe asusu, da sun huta da ƙorafi mai yawa; ɓoye ta da suka yi a ciki shi ne babban aibinta a wajenmu.

Hotunan da ke cikin saƙonnin talla ba ta buɗe su sai an ba ta izini. A bar shi haka. Yana rage data, kuma yana hana mai aiko saƙo sanin an buɗe.

A Copies & Folders akwai wani ƙaramin abu mai ban haushi. Gmail da kansa yana ajiye kwafin duk saƙon da ya bi ta sabarsa. In Thunderbird ma na ɗora nata kwafin a Sent, fayil mai megabait 10 zai hau intanet sau biyu, kuma shi ne sanadin taga mai cewa tana kwafar saƙo zuwa Sent ta ƙi gushewa alhali saƙon ya riga ya isa. A asusun Gmail a cire alamar Place a copy in. A asusun kamfani kuwa a bar ta, in ba haka ba babu shaidar an aika.

Batun maƙala fayil: iyakar Gmail megabait 25 ce, amma imel na juya fayil zuwa rubutu kafin aikawa, hakan na ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Fayil mai 20 zai iya ƙin wucewa a wasu sabobin. A tsaya a 18 ko ƙasa. Wani abin da muka yaba shi ne mai tunatarwa: in ka rubuta kalmar da ke nuna za ka haɗa fayil amma ba ka haɗa ba, sai ta tsayar da kai. Kalmomin da ta sani na Turanci ne, amma a Composition, ƙarƙashin Attachments, akwai Keywords inda za ka ƙara naka, kamar "na haɗa" da "ga takardar" da "rasit". Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna isa lafiya domin da UTF-8 take aikawa. Mai rubutu da Hausa ya kashe duba kuskuren rubutu, in ba haka ba kowace kalma sai ta sha jan layi.

Ga wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, Ctrl da Shift da Enter tare suna ajiye saƙo a Outbox maimakon aikawa nan take. Ka rubuta goma ba intanet, in ya dawo ka tura su gaba ɗaya daga File. Wannan shi ne abin da burauza ba ta iya yi da kyau, kuma shi kaɗai ya isa dalilin girka manhajar a ofis.

Masu asusu fiye da ɗaya su kula da wannan. Kowane asusu yana da gurbin da ke nuna ta wace saba saƙonsa zai fita. In aka bar shi a kan na gama-gari, saƙon adireshin kamfani zai iya fita ta sabar Gmail. Sakamakon ɗayan biyu ne: ko ya isa da adireshin da ba shi ka nufa ba, ko sabar mai karɓa ta ga sunan da hanyar ba su dace ba ta jefa shi cikin foldar tarkace (Spam). Haka kuma Gmail ba ya yarda da haɗi fiye da 15 a lokaci guda a asusu ɗaya, Thunderbird kuma na riƙe har biyar. Ofishin da kwamfuta huɗu da wayoyi ke kan adireshi ɗaya zai riƙa ganin gargaɗin haɗi ya yi yawa. A Advanced na Server Settings a rage biyar ɗin zuwa biyu ko ɗaya.

In ta fara kukan takardar shaidar tsaro ba ta da inganci a kan Gmail ko Yahoo, kafin a taɓa komai a dubi agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutocin da batirin agogonsu ya mutu, ɗan faifan nan CR2032, suna komawa wata shekara ta baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai takardar ta zama kamar ba ta fara aiki ba. A gyara kwanan wata, a sauya batiri. Kada a saba da danna amincewa don a wuce gargaɗin, domin ranar da gargaɗin zai zama na gaske hannu ya riga ya saba.

Yadda take ajiya ma yana da nasa hali. Kowace folda fayil ɗaya ce babba, saƙonni jere a ciki. In ka goge saƙo, alama kawai ake sa masa, yana nan har sai an matse foldar da Compact. Shi ya sa Inbox mai saƙo ɗari zai iya cin gigabait. A riƙa matsewa, amma ba a lokacin da batirin laftof ke ja ba, ko kwamfutar tebur marar UPS (batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta): matsewa sake rubuta fayil ɗin ne gaba ɗaya, yankewar wuta a tsakiya na iya lalata shi. A IMAP asarar ba ta da yawa tunda asalin na kan saba, a POP kuwa babu wani kwafi. Haka nan manhajar kashe ƙwayar cuta kan iya kama Inbox ɗin dukansa saboda saƙo ɗaya; akwai zaɓi a Privacy & Security da ke ba ta damar killace saƙo ɗai-ɗai, a kunna shi. Mafi alheri a rage wa Inbox nauyi, a riƙa kwashe tsofaffi zuwa wasu foldoji.

Duk abin da ka mallaka, saƙonni da adireshi da saiti, yana cikin folda ɗaya da ake kira Profile. A Help, Troubleshooting Information, akwai maɓallin buɗe ta. Rufe manhajar, ka kwafe foldar zuwa filas ko hadis (hard disk) na waje. Export da ke Tools yana yin wannan aikin, amma da kanta tana ba da shawarar a kwafa da hannu in abin ya haura gigabait 2. Mai tahowa daga Outlook ya sani ba ta buɗe fayil ɗin PST, wanda Outlook ke ajiye saƙonni a ciki, kai tsaye. Sai Outlook ɗin na girke a kwamfutar sannan za ta iya jawo saƙonnin, don haka a yi ƙaurar kafin a cire shi.

A kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa, Primary Password, babbar kalmar sirri da ke kulle sauran, wajibi ne. In babu shi, duk wanda ya zauna a kujerar zai iya shiga Saved Passwords ya ga kalmomin sirrin da aka ajiye. Sai dai a san iyakarsa: kalmomin sirri yake kullewa, ba saƙonnin da aka riga aka sauke ba. Waɗannan suna nan a kan hadis, kuma abin da zai tsare su shi ne kowane ma'aikaci ya samu asusunsa na Windows daban, da kalmar sirrinsa.