Manhaja a Kan Filashi: Wanne Zaɓi Ne Ba Ya Barin Sawu a Kwamfutar Wani?

Mutane da yawa suna zuba burauza da manhajar rubutu a filashi, irin waɗanda ba sai an girka su ba, suna ganin da zarar sun zare shi daga kwamfutar wani shi ke nan, babu wanda zai san abin da suka yi. Kafin ka sayi komai da wannan niyya, ka san abin da Windows ke rubutawa ba tare da ta tambaye ka ba. Da ka soka filashi, sunan kamfaninsa da lambarsa sun shiga rajista, wato kundin da Windows ke adana saituna da bayanan na'urori, a ƙarƙashin USBSTOR, ranar farko da aka soka shi kuma tana cikin fayil ɗin setupapi.dev.log. Manhajar da ka buɗe tana iya barin sunanta a babban fayil na Prefetch, takardun da ka duba su fito a jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan, wani ɓangare na abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar kuma ya zube a pagefile.sys. Manhajar tana kan filashinka, amma Windows ɗin mai kwamfuta ne ke tafiyar da ita, shi ne kuma ke riƙe da alƙalami.

Zaɓin da aka fi sani shi ne PortableApps, wanda John T. Haller ya faro da Firefox na filashi a 2004. Yana da daɗin aiki, kyauta ne, kuma idan ka rufe manhaja yadda ya kamata yana share abin da ta rubuta a rajista. Amma kamar baƙo ne da ya share ɗaki kafin ya tafi alhali sunansa na cikin littafin maigadi. Idan manhajar ta maƙale ko ka fizge filashin da gaggawa, sharar ma ba za a yi ba. An yi shi ne don sauƙin yawo da kayan aiki, ba don ɓoye sawu ba.

BitLocker To Go da VeraCrypt suna kulle abin da ke cikin filashin, don haka suna da amfani ranar da ya ɓace. Sawun da ke kan kwamfutar ba ruwansu da shi, ga shi VeraCrypt na neman izinin mai kula da kwamfuta kafin ya buɗe, wanda ba kasafai baƙo ke samu ba. Filashi mai madannan lambobi a jikinsa, irin na Apricorn ko IronKey, tsada ce kawai a kan amfani iri ɗaya. Windows To Go kuwa, wato Windows ɗin da ke tashi daga kan filashi, Microsoft ta daina raya shi tun 2019, kada kowa ya sayar maka da shi.

Ni dai Tails nake ba mutane shawara, kuma ba na ɓoye hakan. Dalilin shi ne ba ya zama baƙo a cikin Windows sam. Cikakken tsarin aiki ne da aka gina a kan Debian, wani nau'in Linux, ya fara fitowa a 2009, kuma a 2024 ya haɗe da aikin Tor, hanyar sadarwar da ke ɓoye daga ina kake shiga intanet. Za ka kashe kwamfutar, ka soka filashin, ka tayar da ita daga kansa. Windows ba ta ma farka ba, balle ta rubuta wani abu. Komai yana gudana ne a cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, faifan kwamfutar ba a taɓa shi sai idan kai ka buɗe shi da hannunka, kuma idan ka kashe ko ka zare filashin, Tails na goge ƙwaƙwalwar. Duk hanyar intanet ɗinsa ta Tor take bi. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'ajiyar dindindin: wani yanki na filashin da ake kullewa da kalmar sirri, inda kai ne ke zaɓar abin da zai tsira, takardu ne ko saitin Wi-Fi ko makullan ɓoye saƙo. Abin da ba ka zaɓa ba ya tafi. Filashi mai 8 GB ya isa a fara.

Yana da nasa wahalhalun. Tor na da nawa, wasu shafuka na ƙin karɓarsa, mai kula da layin intanet zai iya gane kana amfani da shi, ba ya tashi a kan kwamfutocin Apple masu furosesa M1 da waɗanda suka biyo bayansa, kuma kwamfutar da aka kulle BIOS ɗinta, wato saitin da ke zaɓar inda za ta tashi, ba za ta bar ka ba. Idan an maƙala na'urar satar rubutu a igiyar kibod ɗin kwamfutar, babu tsarin da zai cece ka. Kuma a nemi izinin mai kwamfuta kafin a tayar da ita daga filashi, haƙƙinsa ne.

Yanzu ga inda na fi jin zafi: filashin jabu. Wani mai sayarwa ya taɓa haɗa ni da wanda ke nuna girma mai yawa alhali cikinsa ɗan kaɗan ne, ma'ajiyata ta lalace da duk abin da ke ciki, kuma abin da aka kulle idan ya lalace ba ya dawowa. Yadda suke yi shi ne su sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwar filashin ya riƙa cewa shi 1 TB ne. Zai karɓi fayil ba gardama, sunaye su bayyana lafiya lau, amma da ya cika ainihin girmansa sai ya fara rubutu a kan na baya ko ya zubar da sabon. Ba za ka gane ba sai ranar da ka je buɗewa. Kwali mai sheƙi da tambarin babban kamfani ba hujja ba ne, su ma bugawa ake yi. Arha mai yawa a kan girma mai yawa ita ce alama ta farko.

Kada kuma ka karɓi filashin da aka ce an riga an saka maka Tails a ciki. Ba ka san abin da aka cusa ba. Ka sauke shi da kanka daga tails.net, ka tantance fayil ɗin a shafin kafin ka rubuta shi. Haka nan manhajoji masu tsada da ake rabawa kyauta da sunan wai na filashi ne, yawancinsu na sata ne da aka fasa makullinsu, kuma nan ɓarayin kalmar sirri ke ɓuya. Filashin tsintuwa ko na kyauta ma abin gudu ne: a 2014 Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna harin BadUSB, inda filashi ke rikiɗa ya zama kamar kibod ya buga umarni da kansa, kuma goge shi ba ya maganin wannan. Ko takardar shaida ba ta isa ba, domin a farkon 2010 an gano rauni a wasu filashin Kingston da SanDisk da Verbatim masu shaidar tsaro ta gwamnatin Amurka mai suna FIPS 140-2, ana buɗe su ba tare da kalmar sirri ba.

Abu ɗaya da ake mantawa: filashi na rarraba rubutu a sassa daban-daban don kada wuri ɗaya ya gaji, saboda haka fayil ɗin da ka goge yana iya kasancewa a wani lungu. A kulle shi tun ranar farko, kafin sirri ya shiga. Sabon filashi kuwa, a fara cika shi da manhajar gwada ainihin girman filashi, wato H2testw a Windows ko F3 a Linux, a bar gwajin ya kai ƙarshe ko da zai ɗauki sa'o'i. Idan ya nuna kuskure ko guda, a mayar wa mai shi.