Gashin ƙashi a Sakkwato: abin da na gani a wata huɗu na jinyar kafaɗa

Tun ranar da abokan farauta suka ga na sake rataya kwari suke tambayata ko asibitin gashin ƙashin da na yi wata huɗu ina zuwa a cikin garin Sakkwato ya cancanci kuɗi da wahalar da aka sha. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin akwai abin da zan yaba kuma akwai abin da zan kushe, amma zan faɗi yadda aikinsu yake dalla-dalla, yadda mai irin ciwona zai gane wuri na gari idan ya shiga.

Ni maharbi ne ɗan maharbi. Koyarwa ce sana'ar da nake ci da iyali, amma baka da kwari na gada daga mahaifina, mutumin ƙasar Wurno, wanda ya ɗora yatsuna a kan tsirkiya tun ban shiga firamare ba. Bara ta zo mini da nauyi. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa a farkon damina, dazuzzukan gabashin jiha da muka saba shiga, daga Rabah zuwa Goronyo har Isa da Sabon Birni, suka gagari mai neman zomo da fakara saboda 'yan bindiga, sannan tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ta sa ko dajin da ke da sauƙi sai mutum ya yi lissafi kafin ya tayar da babur. Haka bakana ya yi kusan wata goma a rataye. Wata safiya ta hunturu kewar tsohon ta kama ni, na sauko da nasa bakan, wanda ya fi nawa tauri nesa ba kusa ba, na ɗaura tsirkiya na ja da ƙarfi ɗaya, jiki a sanyaye. Nan take na ji kamar an soka mini kibiya a saman kafaɗar dama.

Wurin maɗori na fara zuwa, kamar yadda kowa zai yi, kuma dattijon ya yi mini gaskiya. Ya lalluba ƙashin ya ce, "Malam, ba karaya, ba gocewa, wanga ba aikina ba na." Daga nan na koma ga ƙwayoyin kemis da ƙahon wanzami, ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo. Ɗaga hannu domin kabbarar salla ya zama aiki, sanya babbar riga sai da taimakon yaro, kwanciya a gefen dama kuwa ta gagara gaba ɗaya, kuma ciwon dare ne ya fi karya mini zuciya. Sai da na yi wata biyu a haka kafin wani abokin aiki ya raka ni asibitin.

Abin da ya fara burge ni shi ne ranar farko ba a taɓa ni da wata na'ura ba. Likitan, matashi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya yi kusan awa guda yana tambaya yana gwaji. Ya sa na ɗaga hannu ta gefe a hankali, ya lura cewa zafin yana farawa ne idan hannu ya kusa daidaita da kafaɗa, ya ragu idan ya wuce sama. Ya tambaye ni ko ina da ciwon suga, domin masu shi sun fi kamuwa da sandarewar kafaɗa, wadda jinyarta daban ce. Na nuna masa hoton ƙashin da na ɗauka, wanda aka ce mini bai nuna komai ba, sai ya ce dama ba zai nuna ba, tun da ƙashi yake gani, ciwona kuwa a jijiya yake. Ya tura ni sikanin, aka ga jijiyar da ke sama ta ɗan yage amma ba ta tsinke ba. Da hoton jikin mutum a bango ya fahimtar da ni cewa tsoka huɗu ne suka rungume kan ƙashin dantse suna riƙe shi a gurbinsa, kuma gurbin ba shi da zurfi kamar na ƙugu, shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa juyawa, ta kuma dogara ga ƙarfin waɗannan tsokoki. Ya ce irin nawa galibi atisaye ke gyara shi, amma sai an yi haƙurin wata uku ko fiye, kuma da jijiyar ta tsinke har hannu ya kasa ɗaguwa, da wurin likitan ƙashi zai tura ni, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko, ba tare da ɓata lokaci ba. Ya kuma hana ni ci gaba da shan ƙwayar rage ciwo ta diclofenac kullum, ya ce yawansa yana cin ciki yana wahalar da ƙoda.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a zuwa na uku. Da zan fita ya ce, "Baba, ran Laraba ka taho da bakan, ina son in ga yadda kaka ja." Na zaci wasa yake yi, domin na saba ganin masu boko suna murmushi idan aka ambaci baka da kibiya, a ƙasar da maharba suka tsaya wa dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804. Da gaske yake. Na kawo bakan, ya cire mini tsirkiyar ya ɗaura roba mai laushi a madadinta, ya tsaya a bayana na ja sau uku. Sai ya nuna mini cewa ina ɗage kafaɗa zuwa kunne ina ja da dantse kawai, alhali ƙarfin ja daga baya ya kamata ya fito, daga tsokokin da ke tsakanin allunan kafaɗa biyu. Ya ɗora tafin hannunsa a daidai wurin ya ce in matse shi. Hawaye ne suka zo mini, domin a nan ne mahaifina yake ɗora nasa hannun idan na ja ba daidai ba ina yaro, kuma shekaru sun sa na saki abin da ya koya mini ban sani ba. Likitan bai ce komai ba, ya ba ni lokaci, sannan muka ci gaba.

Atisayen da ya tsara mini ba ya bukatar kayan tsada. Makonnin farko ina sunkuyawa in dafa tebur da hagu in bar dama tana lilo, sannan in tsaya gaban bango in hau shi da yatsu a hankali har inda zafi ya tsayar da ni. Bayan nan aka shiga jan roba: in ɗaure ta a ƙyaure, in maƙale tawul a hammata domin gwiwar hannu ta zauna a jikin haƙarƙari, in riƙa juya hannu waje, daga baya kuma in ja robar zuwa ƙirji ina matse alluna. Ƙa'idar da ya ba ni ita ce, ɗan zafin da zai kwanta kafin washegari ba laifi ba ne, wanda ya kwana ya ƙaru kuwa alama ce na zarce. Ya kuma gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa zuwa wurinsu sau biyu a mako ba zai warkar da ni ba idan ban yi na gida safe da yamma ba. A ganina wanda ke karɓar kuɗi a kowane zuwa, ya kuma faɗa maka cewa rabin maganin yana ɗakinka, ya cancanci a amince da shi.

Sai dai wurin yana da gyara, kuma ba ƙarami ba. Ranar da wannan likita ba ya nan, mataimaka kan kwantar da mutum a ƙarƙashin fitilar gashi, su maƙala masa na'urar da ke tsikarar tsoka da lantarki, su tafi su bar shi minti ashirin, sannan a sallame shi ba tare da an duba atisayensa ba, kuma kuɗin bai ragu ba. Ɗumin yana da daɗi, yana sassauta ciwo na ɗan lokaci, amma ba shi ya ƙarfafa mini kafaɗa ba, kuma na ga tsofaffi da dama da suka ɗauka gashin shi ne maganin, har suna jin an cuce su idan aka sa su jan roba. Sau uku haka ta faru da ni kafin na koyi yin waya in tabbatar yana nan. Wurin jira kuwa rumfar kwano ce, wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da ake nufi da zaman awa biyu a ƙarƙashinta. Abin da ya fi damuna shi ne takardar atisaye da ake ba mutum ya tafi da ita gida da Turanci take. Ni na karanta, amma manomin da ke gefena, wanda ya taho daga wajen Kware da ciwon wuya, ninke ta ya yi ya sa a aljihu. Fassara ta zuwa Hausa, da boko da ajami, aikin yini ɗaya ne, kuma na faɗa musu haka. Kuɗin zama ɗaya ya kai na tiya biyu ta gero, ban da na sikanin da na abin hawa, wanda ga magidanci a wannan shekara ba abin rainawa ba ne, ko da yake da na yi wa likitan bayani ya mayar da zuwana sau ɗaya a mako biyu ya ƙara mini aikin gida.

Duk da haka, maharbi ko manomi ko mai ɗaukar kaya da kafaɗa ta dame shi fiye da mako biyu, bayan an tabbatar babu karaya, ina ba shi shawarar ya je, ya nemi ganin babban likitan da kansa, ya kuma tafi da kayan aikinsa a ga yadda yake riƙe su.

A mako na goma sha huɗu aka ba ni izinin harbi. Na sa wani dattijo ya yi mini bakan gora mai laushi, irin wanda ake ba samari masu koyo, kuma yanzu ina harba kibiya goma sha biyu a bayan gida, yau a yi gobe a huta, a kan buhun ƙaiƙayi daga taku ashirin, bayan na ɗumama kafaɗa da roba. Ina yin kabbara ba tare da na tuna da ciwon ba, amma har yanzu idan na daɗe a kwance a gefen dama yakan tashe ni. Bakan mahaifina yana rataye a inda yake, na kwance masa tsirkiya, kuma likita ya ce in kawo shi bayan wata uku mu gwada.