Gargaɗi kan Masu Raba Maganin Bogi na Matsalar Ɗora Manhaja a Kwamfuta

Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma abin da ya sa na rubuta wannan gargaɗi shi ne wata kwamfutar tebur da wani mai shagon buga takardu da katin biki ya kawo mini, ya rungumo ta a kan babur, hankalinsa a tashe. Ya yi ƙoƙarin ɗora wata manhajar zane ne, sai kwamfutar ta ƙi, ta nuna masa saƙo cewa babu fayil ɗin MSVCP140.dll. Ya kwafi saƙon ya nema a intanet, ya faɗa kan wani bidiyo da mai shi ya rantse cewa maganin yana cikin adireshin da ya ajiye a ƙasa. Fayil ɗin da ya sauke a ƙunshe yake, an kulle shi da lambar sirri, an kuma umarce shi da ya kashe Windows Defender, manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, kafin ya buɗe. Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne tarkon, domin kullewar tana hana manhajar tsaro leƙa abin da ke ciki, kashewar kuma tana kawar da mai gadi daga bakin ƙofa.

Washegari babu aikin da ya buɗu. Kowane fayil an liƙa masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunansa, ga kuma wata takarda mai suna _readme.txt tana neman dala 980, ko 490 idan ya tuntuɓe su cikin awa 72. Wannan ita ce cutar STOP/Djvu, wadda take yawo tun 2018, kuma babbar hanyarta ita ce manhajojin sata da irin waɗannan magungunan ƙarya. Katunan bikin mutane da ya riga ya karɓi kafin alƙalami a kansu, da kundin ɗalibai da ake jira, duk suna ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matsalar tasa ta asali ba ta kai ta kawo ba. Fayil ɗin da ya ɓace ɓangare ne na Visual C++ Redistributable, wanda Microsoft ke bayarwa kyauta a shafinsa, kuma ɗora shi ba ya cin minti biyar. Haka yawancin waɗannan saƙonni suke. Lambar 0x80070005 tana nufin an hana izini, sau da yawa kuma buɗe manhajar da ikon mai kula da kwamfutar yana warware ta. Lambar 1603 kuwa takan fito idan akwai tsohon samfurin manhajar da bai fita sarai ba, ko wurin ajiya ya cika. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar a kashe tsaro.

Tun 2024 kuma wata dabarar ta yaɗu, wadda masana tsaro ke kira ClickFix. Shafi zai nuna maka saƙon matsala na ƙarya, ko ya ce ka tabbatar kai mutum ne, sannan ya ce ka danna maɓallin Windows da R, ka danna Ctrl da V, ka danna Enter. Shafin ya riga ya kwafa maka umarni a ɓoye, don haka da hannunka kake shigar da ɓarawo gida. Ta wannan hanya ake raba Lumma, mai kwashe lambobin sirri da aka adana a burauza, wadda Microsoft ya ce ya gano ta a kwamfutoci sama da 394,000 tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayun 2025. Duk saƙon da ya zo da lambar waya ma ƙarya ne, domin saƙonnin Windows na gaskiya ba sa ɗauke da lambar waya, kuma wanda zai amsa kiran zai sa ka ɗora manhajar AnyDesk ne don ya riƙe kwamfutarka daga nesa.

Wanda ya riga ya faɗa, ya zare wayar intanet nan take, ya cire duk wani filashi, sannan ya canza lambobin sirrinsa na imel da banki daga wata na'ura dabam, saboda Djvu kan zo tare da manhajar satar bayanai. Ban ba da shawarar biyan kuɗin ba, domin babu wanda zai tilasta wa ɓarawo cika alkawari. Kamfanin Emsisoft yana da manhajar buɗewa kyauta, amma tana aiki ne kawai idan cutar ta kasa samun intanet lokacin da take kullewa. Cutar da ta kama kwamfutar mutumin nan ta samu intanet, don haka abin da muka iya ceto shi ne ayyukan da ke cikin filashinsa da waɗanda ya taɓa tura wa abokan ciniki ta WhatsApp. Sauran na kwafe masa su a kulle a wani faifai dabam ya adana, na goge kwamfutar na sake ɗora mata Windows.