Manhajar da ta rage mini ƙaryar tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san wannan magana: "Alhaji, ka dawo jibi, guga kawai ya rage." Ni tela ne, shekara goma sha bakwai ina kan keke a Fagge, kuma na faɗe ta ba adadi, alhali shaddar mutum tana nan ninke a ledarta, ko almakashi bai taɓa ta ba. Mutane suna ɗauka mugun hali ne. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa telan shi kansa bai san yawan alkawarin da ke wuyansa ba. Ana kawowa yana karɓa, yana rubuta awo a littafi, yana soke kafin alƙalami a aljihu, sai azumi ya kai ashirin sannan ya ɗaga kai ya ga tulin yadi ya kusa taɓa silin.

Abin da ya kai ni ga neman mafita kaftanin wani ango ne. Na rubuta awonsa a bayan littafi saboda gaban ya cika, na manta da shi ɗungurungum, sai ga abokinsa ana gobe ɗaurin aure. Kwana muka yi a shago da janareto. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a yana wurin, yana riƙe mana fitila. Da gari ya waye ya ce, "Kawu, ba ni wayarka." Shi ya saka mini Tasks.org, yau azumi biyu ke nan ina aiki da ita.

Manhaja ce ta Android, aikinta ajiye jerin abin da mutum zai yi da kuma tuna masa idan lokaci ya yi. Abu na farko da na tambaya shi ne nawa take cin data, don na san halin waɗannan abubuwa. Ba ta buƙatar intanet ko kaɗan idan a waya ɗaya za ka yi amfani da ita. Ba ta nemi imel ɗina ba, ba ta nemi lambar waya ba, ba ta kuma taɓa jefo mini talla ba. Na buɗe na fara rubutu, shi ke nan.

Ga yadda nake yi. Kowane ɗinki aiki ɗaya ne, sunan mai kaya da irin kayan: kaftani da wando, ko babbar riga, ko jamfa. A wurin bayani nake zuba awo, tsayi da kafaɗa da hannu da wuya da ƙugu, har da abin da aka bayar da abin da ya rage. Sannan in ɗauki hoton yadin in liƙa a jikin aikin. Wannan hoton kaɗai ya raba ni da rigima mai yawa, domin farar shadda goma a kan tebur ɗaya, sai Allah ya kiyaye ba za ka yanka ta Alhaji da awon ɗansa ba. Ƙarƙashin kowane ɗinki kuma akwai ƙananan ayyuka: yanka, haɗi, aikin wuya, maɓalli, guga. Wanda aka gama sai in taɓa shi ya soke. Yanzu idan mutum ya kira, ba na cewa "ana kai". Ina duba waya in ce, "Ranka ya daɗe, an haɗa, tana wajen mai aiki, ranar Talata za a dawo da ita." Har muryar mutum canzawa take idan ya ji amsa irin wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne aiki yana iya ɗaukar rana biyu, ranar farawa da ranar bayarwa. Idan an kawo ankon biki da sauran wata biyu, sai in sa ranar farawa, manhajar ta ɓoye shi daga idona har ranar ta zo. A littafi komai a gabanka yake lokaci guda, na gobe da na bayan Sallah, sai kai ya ɗau zafi ka kama wanda ya fi sauƙi maimakon wanda ya fi gaggawa. Akwai kuma alamar muhimmanci mai launi, ja da rawaya da shuɗi. Da farko komai ja nake sa masa, wanda daidai yake da ban sa komai ba. Yanzu ja na ango ne da matafiyi kawai.

Sai matatar ayyuka, wato abin da ke tace maka su. Na haɗa guda da ke nuna mini duk ɗinkin da za a karɓa cikin mako mai zuwa, na kafa ta a fuskar waya. Ita ce ta sa a azumin bara, ranar goma ga wata, na ƙirga na ga kaya arba'in da uku a gabana, ni da yara biyu. Na san ƙarfinmu. Daga ranar na rufe karɓa. Wani tsohon kwastoma ya zo da shadda kala uku, na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, in na karɓa ƙarya zan yi maka." Ya yi fushi ya tafi. Bayan Sallah ya dawo da su, don inda ya kai ma ba a ɗinka ba. Ban yi dariya a gabansa ba.

Ayyukan da ke maimaituwa ma ta iya su. Kuɗin haya, albashin yara, zubin adashi. Akwai zaɓin da ke ƙirga maimaicin daga ranar da ka gama aikin maimakon ranar da aka sa, kuma shi ya dace da zuba wa keke mai ko juyen man janareto. Idan na makara da kwana huɗu, lissafin gaba daga ranar da na yi yake tashi.

Da ɗan yayata ya ce mini manhajar "buɗaɗɗen tushe" gare ta, ban gane ba sai da ya kwatanta da sana'ata. Kamar tela ne ya ƙirƙiro sabon yanka, maimakon ya ɓoye sai ya shimfiɗa shi a tebur, kowa ya duba, kowa ya kwafa, wanda ya ga kuskure ya gyara, da sharaɗin shi ma in ya raba nasa gyaran ya bar shi a buɗe. Sharaɗin nan shi ne lasisin GPL, kuma rubutun manhajar gaba ɗaya yana GitHub, shafin intanet da masu haɗa manhajoji ke ajiye aikinsu. Na ce to ni ina ruwana, tunda ba iya karantawa zan yi ba? Sai ya ba ni tarihinta. Asalinta wata manhaja ce mai suna Astrid, wadda kamfanin Yahoo ya saya a 2013 ya kuma rufe ta a shekarar. Da yake tushenta a buɗe yake, wani mai suna Alex Baker ya ɗauka ya ci gaba da ginawa, ita ce ta zama Tasks.org. Ya kwatanta mini da Wunderlist ta Jamus, wadda Microsoft ta saya a 2015 ta rufe a 2020. Ita tushenta a rufe yake, masu amfani da ita sai dai suka kwashe kayansu suka koma wani gidan. Nan maganar ta shige ni. Awon mutum ɗari biyu da wani abu ne a wayata. Ba na son ranar da wani zai yi ciniki a wata ƙasa in wayi gari littafina ya rufe.

Hanya biyu ake samunta. Tana Google Play, inda wasu ƙarin abubuwan sai da biyan kuɗin shekara, kai ne kuma za ka zaɓi abin da za ka biya. Tana kuma F-Droid, rumbun da ba ya ɗaukar komai sai manhajoji masu buɗaɗɗen tushe. Ta F-Droid aka saka mini.

Ba komai ne daɗi ba. Wurin saituttukanta kasuwa ne guda, kamar ka shiga Kantin Kwari ranar farko ba ɗan jagora. Da ba a zauna da ni an nuna mini ba, da a kwana biyu na goge ta. Da Turanci nake aiki da ita, ko da yake sunayen ayyuka da bayanai duk da Hausa nake rubutawa, ƙ da ɗ ɗina suna fitowa lafiya. Masu sa kai ne ke fassara ta a wani shafi mai suna Weblate, na kuma faɗa wa yaron nan cewa hutun jami'a ba na barci ba ne kawai.

Kwanan watanta na Bature ne, mu kuwa Sallarmu sai an ga wata an ji sanarwar Sarkin Musulmi. Dabarata ita ce in ɗauka azumi ashirin da tara za a yi, in ja ranar bayarwa baya da kwana uku. In an cika talatin, riba ce.

A makon farko tunatarwa ta yi ta ɓacewa, har na fara zagin manhajar a zuci. Ashe wayata ce, irin waɗanda ke kashe duk abin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Sai da aka shiga saitin wayar aka cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa. Duk mai ƙaramar waya irin tamu ya fara da wannan kafin ya dogara da ƙararrawarta. Akwai kuma tunatarwar da ke tashi idan ka isa wani wuri, na gwada ta da Kwari don sayen zare da shafi. Ta yi aiki, amma barin waya tana bin sawuna duk yini ya fi ƙarfin batir ɗina a garin da wuta sai an ga dama. Na kashe.

Inda na tsaya cak shi ne raba jerin da yaran shago. Manhajar tana iya haɗuwa da Google Tasks, ko da wasu ma'ajiyun intanet irin su Nextcloud, amma wannan ba aikin tela ba ne. Har yau da safe nake karanto musu, babban ya rubuta a allo da alli. Da yake kuma komai a waya ɗaya yake, wayar in ta faɗa kwata an gama. Manhajar tana fitar da fayil ɗin ajiya, duk Juma'a bayan masallaci nake kwafe shi zuwa memori in kuma tura wa matata. Shi ma aiki ne mai maimaituwa a cikin jerin.

Na leƙa wasu biyu. Joplin ta fi ta kyau wajen dogon rubutu da hotuna, amma ni ranar bayarwa ce damuwata. Super Productivity kuwa ta 'yan ofis ce, tana da agogon nan da ke cewa ka yi aiki minti 25 ka huta 5. Wanda ya tsara wannan bai taɓa zama a shagon da aka kawo wuta ƙarfe biyun dare ana jibi Sallah ba.

Littafin awo dai yana nan a aljihun tebur, saboda dattawan da ba sa yarda an auna su sai sun ga biro ya taɓa takarda. Ina rubutawa a gabansu, in sun fita in mayar cikin waya.