Gwajin kyauta na kwana uku: sharhi a kan wata manhajar ɗaukar takardu

Manhajar da zan yi bayani a kanta tana cikin waɗanda ake ɗaukar hoton takarda da su ta kyamarar waya, su gyara hoton, su mayar da shi fayil ɗin PDF da za a iya aikawa ko bugawa. Na sauke ta ne wata rana da aka buƙaci in tura takardu masu shafi goma sha biyu kafin a tashi daga aiki, alhali babu na'urar sikana kusa da ni. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ire-irenta sun cika shagunan manhajoji, kuma mai karatu zai fi amfana da sanin alamun da zai gane su da su. Hukuncina a kanta shi ne, ta iya aikinta, amma an tsara hanyar karɓar kuɗinta ne yadda za ta ci riba da mantuwar mai amfani da ita, saboda haka ba zan ba kowa shawarar ya shigar da lambar katinsa a cikinta ba.

Adalci ya wajabta in fara da abin da ta ƙware a kansa. Da zarar an shimfiɗa takarda an saita kyamara, ita da kanta take gano gefunan takardar, ta yanke abin da ke kewaye, ta miƙe shafin ko da a karkace aka ɗauke shi. Tana share inuwar hannu, rubutu ya fito baƙi ƙirin a kan farar takarda. Shafukan nan nawa ta haɗa su a fayil guda, ta rage nauyinsa har ya tafi ta imel ba tare da rubutun ya dushe ba. Tana kuma karanta bugaggen rubutu ta mayar da shi wanda za a iya kwafa, sai dai a nan Hausa ta ba ta wuya, domin haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, tana mayar da su k da d da b. Wannan aibi ne da mutum zai iya haƙuri da shi.

Abin da ba a haƙuri da shi yana bakin ƙofa ne. Bayan na gama ɗaukar shafukan na zo adana su, sai wani shafi ya rufe fuskar wayar gaba ɗaya, da babban maɓalli mai launi da ke kira a fara gwaji kyauta. Alamar rufe shafin ba ta bayyana ba sai bayan wasu daƙiƙu, kuma ko da ta bayyana, ƙarama ce, launin toka a kan fari, can a kusurwa. A samansa akwai agogo yana ƙirga mintuna a baya, wai rangwame ne zai ƙare. Lokacin da aka zaɓa domin nuna wannan shafi shi ne ya fi damuna da na sake tunani daga baya: ba a nuna shi a farko ba, sai da aka bari na gama wahalar ɗaukar takardun, lokacin da ja da baya yake nufin asarar aikin da na riga na yi. Daga nan aka kai ni shafin intanet na kamfanin, aka nemi lambar katin banki, tare da tabbacin cewa ba za a cire ko sisi a ranar ba.

Maganar gaskiya ce, ba a cire komai a ranar ba. Amma a ƙarƙashin maɓallin, cikin rubutu ƙanana da ba na jin mai gaggawa zai tsaya karantawa, an rubuta cewa bayan kwana uku rajistar za ta koma ta biya, kuma za ta riƙa sabunta kanta kowane mako har sai an soke. Tsare-tsaren biya uku ne, na mako da na wata da na shekara, kuma na makon ne aka riga aka zaɓar wa mutum. Kuɗin mako yana da ƙanƙanta a ido, shi ya sa ake sa shi gaba, amma shekara mako 52 ce, kuma da na yi lissafi sai na ga wanda ya zauna a kan wannan tsari zai biya ninkin-ba-ninkin abin da mai tsarin shekara yake biya a kan aiki iri ɗaya. Na yi ta neman wanda tsarin mako zai amfana a manhajar da yawancin mutane ba sa buɗewa sai jefi-jefi, ban samu kowa ba sai mai karɓar kuɗin.

Na tura takarduna, washegari na goge manhajar daga wayata, na ɗauka magana ta ƙare. Wannan zato shi ne kuskuren da mutane da yawa suke yi, har Google ya rubuta ƙarara a shafinsa na taimako cewa cire manhaja daga waya ba ya soke rajistar da aka yi. Yarjejeniyar tana tsakanin kati da kamfani ne, ba ruwanta da ko manhajar tana kan waya ko ba ta nan. Babu saƙon tunatarwa da ya zo mini kafin kwana ukun su cika, babu kuma rasit bayan kowace cira. Sai da aka yi mako bakwai, ina duba bayanan shige da fice na asusuna, na lura da wani adadi guda yana fita a rana ɗaya ta kowane mako, da wani suna da bai yi kama da na manhajar ba ko kaɗan. Sai da na bincika sunan a intanet kafin na gane inda kuɗin yake tafiya.

Ina da nawa kason na sakaci, domin sharaɗin yana rubuce kuma ban karanta ba. Amma akwai bambanci tsakanin sanar da mutum da rubuta abu a inda aka san ba zai duba ba. Kamfanin da ya iya turo mini saƙon talla kusan kullum ya san adireshina na imel sarai, kuma ba abin da zai hana shi turo layi guda ya ce gobe za a fara cirar kuɗi. Gajartar lokacin gwajin ma abin dubawa ce. Apple, alal misali, yana shawartar wanda ba ya son ci gaba da rajista ya soke ta aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare, wanda ke nufin cewa a irin wannan tsari kwana uku sun zama biyu ke nan.

Wurin sokewa ne aka kai ruwa rana. Na sake sauke manhajar, na duba kowane lungu nata, babu wurin soke rajista. Ba ta kuma cikin jerin rajistocin da shagon manhajoji na waya yake nunawa, tunda kai tsaye aka karɓi katin a shafin kamfanin. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara da duk manhajar da ta fitar da shi waje domin biya. Sai da na shiga shafin nasu, na nemi sabuwar kalmar sirri, sannan na bi ta saitin asusu har na iske kalmar sokewa a ƙasan shafi. Shafin farko ya gargaɗe ni cewa zan rasa takarduna. Na biyu ya yi mini tayin rabin kuɗi, wanda ya nuna cewa da ma ana iya sayar da aikin a haka. Na uku ya hana ni wucewa sai na zaɓi dalilin tafiyata. A na huɗu babban maɓallin mai launi na dakatar da rajista ne na wata ɗaya, bayan haka ta ci gaba da kanta, na sokewa kuwa ɗan siririn rubutu ne a gefe, kuma an rubuta shi ne da lafazin da zai sa mutum ya ji kamar yana cutar kansa. Dannawa biyu ta shigar da ni, amma sai da na ratsa shafi shida kafin na fita. Da na nemi a mayar mini da kuɗin makonnin da ban ko buɗe manhajar ba, amsar farko ta na'ura ce mai nuni ga sharuɗɗan amfani. Bayan saƙo na uku aka mayar da na makon ƙarshe kawai.

Wannan shigo-shigo ba zurfi ba sabon abu ba ne, kuma masana sun daɗe da sa masa ido. Tun a 2010 wani masanin tsara shafukan intanet ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya raɗa wa irin waɗannan dabaru sunan da ke nufin baƙaƙen tsare-tsare, ya kuma buɗe shafi yana tattara misalansu. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Sophos ya ja hankali a kan wasu ƙananan manhajoji masu aiki mai sauƙi, waɗanda ba sa satar bayanai kuma ba sa ɗauke da cutar kwamfuta, amma suna tatsar mutane kuɗi mai yawa bayan gajeren gwaji. Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga zargi ba. A watan Yunin 2023 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta kai kamfanin Amazon ƙara a kan Prime, wato rajistarsa ta biyan kuɗi mai sabunta kanta, ta ce hanyar sokewar tana da shafi huɗu da dannawa shida da zaɓi goma sha biyar, kuma a cikin kamfanin ana kiranta Iliad, sunan doguwar waƙar yaƙin nan ta tsoffin Girkawa. A watan Satumban 2025 Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5, biliyan 1 tara, biliyan 1.5 kuma a mayar wa masu rajista, ba tare da ya amsa laifi ba. A watan Yunin 2024 kuma an shigar da kamfanin manhajoji na Adobe ƙara bisa zargin ɓoye kuɗin fita da wuri a tsarinsa na shekara da ake biya wata-wata, kuɗin da ya kai rabin abin da ya rage mutum ya biya.

Gyaran ba shi da wuya, kuma wasu ƙasashe sun nuna haka. A Jamus, tun daga watan Yulin 2022 doka ta wajabta wa masu sayar da irin wannan rajista ta intanet su sa maɓallin sokewa a fili. A Indiya, tun daga watan Oktoban 2021 babban bankin ƙasar ya wajabta a sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin a cire masa kuɗin da ke maimaituwa, domin ya samu damar hanawa. Da wannan ƙa'ida ta biyun ta shafi katina, da a makon farko zan gane abin da ake ciki. A Amurka hukumar FTC ta fitar da ƙa'ida a 2024 cewa sokewa ta zama da sauƙi kamar shiga, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a watan Yulin 2025 saboda kuskure a matakan da aka bi wajen kafa ta.

Ba na ganin sabunta rajista da kanta a matsayin laifi. Masu ƙera manhaja suna biyan ma'aikata da kuɗin ajiyar bayanai, kuma wanda yake amfani da abu kullum ya fi son kada a riƙa tambayarsa kowane wata. Inda nake da ja shi ne a karɓi kuɗin wanda bai san yana biya ba, bayan kamfanin yana gani a na'urorinsa cewa mutumin bai shiga ba tun rana ta biyu.

Ga wanda buƙatarsa ita ce ɗaukar takarda lokaci-lokaci, wataƙila abin da yake nema yana cikin wayarsa tuntuni: manhajar Google Drive tana ɗaukar takardu ta mayar da su PDF, haka ma manhajar Notes ta iPhone, kuma babu wadda take neman lambar kati kafin ta yi wannan aiki. Na gwada ta farkon a kan shafukan nan guda goma sha biyu, bambancin da na gani bai taka kara ya karya ba. Wanda kuma ya ga lallai sai ya gwada mai biyan, to ya nemo wurin sokewa kafin ya ba da kati, ya soke a ranar da ya shiga, ya ɗauki hoton shafin da ya tabbatar da sokewar, sannan ya duba asusunsa a makon da ya biyo baya. Ya kuma sauke takardunsa zuwa wayarsa kafin ya danna maɓallin ƙarshe, domin ni da na koma neman nawa bayan sokewa, sai na tarar ba sa saukuwa sai da tambarin kamfanin a kan kowane shafi.