Likitan Gwaji Ko Likitan Gogewa?

'Yan'uwa a Agege da Mile 12 sun sha tambayata: idan yaro ya tashi da zazzaɓi, wa za a kai wa, likitan da ba ya rubuta magani sai ya ga sakamakon gwaji, ko tsohon hannun da ke gane cuta da kallo ɗaya?

Wajen kuɗi da lokaci, tsohon hannu ya fi sauƙi a ranar farko. Amma in maganin bai karɓi yaron ba, sau biyu aka biya.

Haɗarin ne ya fi damuna. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganinta, kuma gwajin ɗigon jinin yatsa minti 15 zuwa 20 ne kawai. Mu tuna kulorokwin: iyayenmu sun yarda da shi, sai bincike ya nuna ƙwayar cutar ta daina jin sa, Najeriya ta koma haɗin magungunan maleriya da ake kira ACT a 2005. Likitan da ba ya bibiyar bincike, abin da ya saba zai ci gaba da rubutawa.

Duk da haka gogewa ba ta da madadi. Yaron da ke shiɗewa ko numfashi sama-sama, idon ƙwararre ne ke cetonsa kafin takarda ta fito.

Mai zazzaɓin da ke ta dawowa, ko hawan jini da ciwon suga, likitan gwaji ya fi dacewa da shi. Wanda lamarinsa ya tsananta cikin dare kuwa, ya nufi gogaggen da ya fi kusa, gwaji ya biyo baya.