Gidan kayan sha a bayan titin Gidan Zoo: zoɓonsu ya isa, furarsu da saura

A unguwarmu, can bayan titin Gidan Zoo a Kano, an buɗe wani ɗan gidan abinci wanda jarinsa na gaske abin sha ne. Ba sa sayar da lemon kwalba ko guda. Duk abin da za a zuba maka a kofi, a cikin gidan aka haɗa shi: zoɓo, kunun aya, lemon citta, lemon tsamiya, kunun zaƙi da fura. Abinci yana nan, amma rakiya yake yi wa kofi. Na saba zuwa, wani lokaci da yayata, wani lokaci da yara, don haka abin da zan faɗa ba na leƙawa sau ɗaya ba ne.

Gidan zama ne aka fasa bangon falonsa aka jera tebura kaɗan, tsakar gida kuma aka shimfiɗa darduma da matasai don masu son zaman ƙasa. Akwai ɓangaren iyali da labule, abin da ya sa mace take iya zama ta sake. A bakin ƙofa akwai allo da ake rubuta abin da ke akwai a ranar da alli, idan abu ya ƙare a goge. Dabarar da ta fi burge ni ita ce farantin ɗanɗano: ƙananan kofuna huɗu a jere, kowanne da abin sha daban, ka kurɓi wannan ka kurɓi wancan kafin ka zaɓi wanda za a cika maka. Yaron da ke hidima ne ya fara nuna min, ya ce, "Anti, ki fara da na tsamiya, idan kika fara da citta ba za ki ji ɗanɗanon sauran ba." Gaskiya ya faɗa.

Zoɓon shi ne dalilin wannan rubutu. Mun saba da na leda da na gora da ake sayarwa a bakin makaranta, wanda aka cika wa sukari da garin fulebo, aka jefa kanwa don ya yi duhu ya rage tsami, har mutum ya sha bai ji soɓorodon ba sam. Nasu ja ne mai haske, tsaminsa na nan yadda Allah ya halicce shi, da ƙamshin kanumfari da ɓawon abarba a bayansa. Iri biyu suke yi. Akwai wanda ake tafasawa, mai kauri da ɗan ɗaci a ƙarshe, akwai kuma wanda ake jiƙawa a ruwan sanyi ya kwana, shi ya fi sauƙi a baki, kuma shi na fi so. Sukari ba a zuba shi a tukunya. Ruwansa ake kawowa daban a ɗan kofi, ko zuma ga mai ƙarin kuɗi, kowa ya sa gwargwadon ransa. Yayata tana fama da ciwon suga, ta daɗe da haƙura da zoɓon waje, amma a nan ta sha nata babu fargaba.

Hajiyar da ke da wurin ta shaida min daga Jigawa take sayo soɓorodonta, kuma da hannu ake tsince mata. Wannan ya taɓa ni, domin Jigawa ce kan gaba wajen noman zoɓo a Najeriya, kuma mai kyan ne ake tsincewa a loda a kwantena a kai ƙasashen waje, musamman Mekziko, inda su ma suke shansa da sanyi kamar mu. Abin takaici ne a ce amfanin gonarmu ya tsallaka teku a daraja, mu kuma a gida muna rufe ɗanɗanonsa da garin leda.

Kunun ayar ma babu laifi, sai dai samunsa sa'a ne. Duk wadda ta taɓa yin kunun aya ta san halinsa: idan ya bar sanyi na 'yan sa'o'i ya juya, ya yi tsami da yauƙi. Su sun sa sola a kan rufi don firjinsu kada ya dogara da wuta, kuma ba sa yin mai yawa, da safe su markaɗa, da yamma su ƙara, idan ya ƙare shi ke nan sai gobe. Da dabino da kwakwa suke zaƙaƙa shi, an tace shi sosai, babu tsakin da ke maƙale a maƙogwaro. Mutanen Balensiya ta ƙasar Sifen da wannan ayar suke yin abin shan da suke alfahari da shi, kuma ban ga abin da zai sa namu ya kasa samun irin wannan kulawa ba. Matsalar ita ce bayan Isha'i da wuya ka tarar da shi a kan allo.

Lemon cittar ya cancanci yabo na daban. Tun da cutar nan ta 2023 ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna, su Kaciya da kewaye, farashinta ya yi tashin gwauron zabo, masu sayarwa da yawa suka koma rage ta suna cike zafin da barkono ko masoro. A nan citta ce ta gaske, kana jin zafinta yana sauka a ƙirji a hankali, ba a kan harshe kawai ba. Na tsamiya mai sauƙi ne, yara sun fi son sa. Kunun zaƙin kuwa kamar na ko'ina.

Furar ce ta ba ni kunya a gaban baƙuwar da na kai. An markaɗa ta a na'ura har ta zama ruwa sumul, babu gaya ko ɗaya da za ka tauna, kuma da yogot na kamfani aka dama maimakon kindirmo, zaƙin ya danne ƙamshin gero da yajin da ke cikinta. Gidan da ya ɗauki wahalar tsince soɓorodo da hannu bai kamata ya yi wa fura wannan gajeriyar hanya ba. Ga Fulani nan suna shigowa gari da nono kullum safiya. Ƙwarya da ludayi da hannun da ya iya damu kawai ake buƙata. Na faɗa wa Hajiya haka, ta karɓa da fara'a, ta ce kindirmon ne ba ya zuwa mata iri ɗaya kullum. Uzuri ne, amma bai gamsar da ni ba.

A ɓangaren abinci, gurasa bandashe ita ce gwanarsu: ta jiƙu daidai, ƙuli-ƙulin sabo ne, man gyaɗan bai yi yawa ba, kuma tana tafiya da zoɓon mai tsami ƙwarai. Tsiren daga tukubar wani mai nama da ke ƙofar gidan ake shigowa da shi da zafinsa. Masa sai Asabar da Lahadi. Ɗanwake na ci mai kyau, na kuma taɓa samun wanda ya huce ya yi tauri, don haka ba na ba da tabbaci a kansa.

Hidima tana da jinkiri idan mutane suka cika, domin yara biyu ne kacal ke zirga-zirga, kuma tsakar gidan akwai sauro da daddare. Banɗaki da wurin alwala tsaf suke. Ana karɓar tiransifa. Kuɗin kofi ɗaya ya ninka na gorar bakin titi wajen sau uku, wanda ba kowa ne zai iya kullum ba, amma ni ban ji an cuce ni ba.

Wanda zai je, ya je tsakanin La'asar da Magariba, lokacin kunun ayar yamma ya fito kuma wurin bai cika ba. Ya nemi farantin ɗanɗano tukuna, ya haɗa da bandashe, furar kuma ya dakata mata sai sun koma kindirmo.